Taron bita, shiga gida-gida ko raba kuɗi: wanne ke hana sakaci da yara?

Wata uku ke nan muna ja-in-ja a ƙungiyarmu ta matan unguwa nan Mabera cikin Sakkwato, kuma duk a kan wasu kuɗi ne da ba su taka kara sun karya ba. Wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa mashi ne ya kawo su, bayan wani yaro ɗan shekara biyu ya faɗa cikin baho cike da ruwa, uwar ta tafi niƙa ta bar shi hannun yayarshi 'yar shekara shida, Allah dai ya sa da sauran shan ruwanshi a gaba aka ciro shi da rai. Ya ce Inna ku yi wani abu da zai sa iyaye su dinga sa ido a kan ɗiyansu, kun fi ni sanin mi ya kamata. To daga nan fa aka ja daga. Wasu suka ce a kama hol a yi taron bita, wasu suka ce a raba ma mabuƙata kuɗin kawai tunda babu ce ke jawo komi, ni kuma da na ƙare aikina a asibitin sha-ka-tafi ina yawon gidaje na ce a tura mata gida-gida. Da aka ga ba mai sakar ma wata sai shugabarmu ta ce Malama je ki bincika abin da aka gwada a wasu wurare ki zo muna da hujja ba da ra'ayi ba. Ɗana ya taya ni tono a intanet, ga abin da na samo, ko zai amfani wata ƙungiya irin tamu.

Abin da ya fara buɗe man ido shi ne duka daban sakaci daban, kuma mafi yawan shirye-shiryen koyar da iyaye da ake tallatawa maganin duka ne da tsawa. Duka abu ne da aka YI ma yaro, sakaci kuwa abin da ba a yi mashi ba ne, ba a ba shi abinci kan lokaci ba, zazzaɓi ya kwana uku ba a kai shi asibiti ba, katin rigakafi ya tsaya a allura ta biyu, an bar shi kusa da murhu, an ɗora ma yarinya tire ta yini babbar tasha da talla cikin ranar Afrilu ba wanda ya san inda take sai bayan magariba. Uwar da ba ta taɓa ɗaga hannu ta mari ɗanta ba tana iya zama ita ce ɗanta ke cikin haɗari. Ko a Amurka da suke rubuta komi, kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da hukuma ta tabbatar an cutar da su sakaci ne ba duka ba. Don haka duk shirin da aka kawo maku tambaya ta farko ita ce, shi sakacin ne ya rage ko dukan?

Ta biyu kuma wa aka tambaya. Na sha zama irin bitar nan ta kwana biyu a otal, a ba ki jaka da biro da kuɗin mota, a ƙarshe a miƙo takarda wai kin ƙaru? Wa za ta ci shinkafar mutane ta ce ba ta ƙaru ba? Sai a tattara a rubuta rahoto an yi nasara. Gwajin kirki shi ne a yi ƙuri'a tsakanin gidaje ko ƙauyuka masu kama da juna, rabi a yi masu shirin rabi a ƙyale su, sannan a dawo bayan watanni ko shekaru a duba abin da ido ke iya gani, awon yaro, katinshi, sau nawa ya ji ciwo. Mafi yawan waɗanda zan ambata nan an yi masu irin wanga gwaji, shi ya sa ma na ɗauko su.

Mu fara da na zaman aji tunda shi mutanenmu suka fi so. Wanda ya fi suna shi ne Triple P, na wani malamin jami'a a Ostireliya mai suna Matthew Sanders, hawa biyar gare shi tun daga sanarwa a rediyo da takardu har zuwa zama da iyali guda-guda. An gwada shi a gundumomi 18 na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, sakamakon ya fito a 2009, gundumomin da aka yi shirin sun fi sauran ƙarancin yaran da aka tabbatar an cutar da waɗanda aka kai asibiti da rauni. Amma na kuɗi ne, sai an biya horo an sayi littattafansu, kuma ƙarfinshi ya fi a kan yaro mai ƙiriniya da yadda za a tanƙwara shi ba da bulala ba. Bai dace da aljihunmu ba, na wuce shi.

Wanda ya fi kama da namu shi ne Parenting for Lifelong Health, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu jami'o'in Birtaniya da Afirka ta Kudu suka haɗa shi musamman don ƙasashe marasa ƙarfi, kuma kyauta ne ba lasisi. Reshenshi na matasa da ake ce ma Sinovuyo zama 14 ne mako-mako, uwa ko kaka da yaron su zo tare, ba lacca ake ba wasan kwaikwayo ake, a gwada yadda za a yi magana in rai ya ɓaci, har da koyon kasafin kuɗin gida da ajiya. An gwada shi da iyalai 552 a ƙauyuka da unguwanni 40 na Afirka ta Kudu aka fitar da sakamako a 2018. Duka ya ragu, sa ido a kan inda yaro yake ya ƙaru, amma da aka zo kan ma'aunin sakaci su da kansu masu binciken suka rubuta cewa ba a ga raguwar da za a kafa hujja da ita ba. Na ji daɗin gaskiyarsu wallahi. Kuma ni ban yi mamaki ba, don wa ke zuwa aji? Mace mai kuzari, wadda maigidanta ya bari, wadda ke da mai riƙe mata jinjiri. Ita wadda muke nema, wadda aka sako da ɗiya huɗu, ko wadda 'yan bindiga suka koro daga Isa ko Sabon Birni tana raɓe a kangon wani, ko amaryar nan 'yar shekara 16 da tun da ta haihu ta daina magana ta daina wanka, ba za ki ganta a hol ba ko da kaza ake rabawa.

To shi ya sa zuciyata ta karkata ga ziyarar gida, amma nan ma sai da na sha mamaki don ba kowace ziyara ce ke aiki ba.

Uban tafiyar shi ne Nurse-Family Partnership na David Olds, ya fara a 1977 a wani gari Elmira cikin jihar Niyok da mata 400. Nas ce ke bin mai cikin fari, talaka, tun tana da ciki har yaro ya shekara biyu. Da aka koma bayan shekara 15 an samu cutarwa da sakacin da hukuma ta tabbatar sun yi ƙasa da kashi 48 cikin 100 a gidajen da aka ziyarta. Ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abu biyu. Da ya sake gwaji a birnin Denba ya kwatanta nas-nas da matan da aka ba gajeren horo, sai na nas ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Sannan da Ingila ta kwafi shirin ta gwada da 'yan mata masu cikin fari sama da 1,600, sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna wani ƙari ba a kan manyan abubuwan da suka auna. Dalilin da aka fi kawowa shi ne can kowace mai jego dama ungozoma da ma'aikaciyar lafiya na zuwa mata gida kyauta, to kun ga an kai ruwa rijiya. Abin da na ɗauka a nan shi ne sunan shiri ba ya tafiya da albarkarshi, sai an duba mi ke ƙasa a wurin da aka kai shi. Mu nan ba mai zuwa ma mai jego sai 'yan barka, ke nan ko kaɗan aka yi zai nuna. Amma nas ɗin fa? Asibitocinmu na ƙauye a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan su kansu nema suke, balle mu ɗauko guda mu ce ta yini bin gidaje.

Wanda aka ƙera takanas don sakaci shi ne SafeCare na John Lutzker. Shi ba ruwanshi da dogon wa'azi, abu uku ne kawai cikin ziyara kamar 18 ga mai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar: lafiyar yaro, wato ki gane ciwon da za ki yi jinya a gida da wanda za ki ruga asibiti, sai tsaron gida, sai mu'amala da yaro. Yadda suke koyarwa ne ya burge ni, mai ziyara ta bayyana, ta yi a gabanki, ke ma ki yi a gabanta, ta gyara maki, ba za a wuce ba sai kin iya. Wajen tsaron gida kuwa ƙirga ake, a shiga ɗaki a lissafa abubuwa nawa ne masu haɗari hannun yaro ke iya kaiwa, mako mai zuwa a sake ƙirgawa. An gwada shi a faɗin jihar Okalahoma da iyalai sama da 2,000 waɗanda dama an taɓa kai ƙararsu, mafi yawa kan sakaci, aka bi su shekaru, sakamakon 2012 ya nuna sake kai ƙara ya ragu da wajen kashi 26 cikin 100. Shi ma sai an biya horo kuma jerin haɗurransu na gidan Bature ne, amma dabarar ba ta da mai ita. Mu namu jerin mun san shi, rijiya ba murfi, baho da ruwa, garwashi bayan an sauke tukunya, kalanzir cikin robar lemo, maganin ɓera da fiya-fiya ƙarƙashin gado, ramin salga da bakinshi ya zube, wayar wuta a tsirara. Wanga ba sai mai digiri ba.

Tsoron da Denba ta sa man kan matan da ba nas ba, Jamaika da Ruwanda ne suka rage man shi. A birnin Kingiston a 1986 zuwa 1987 Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, ƙananan ma'aikatan lafiya na unguwa suka dinga zuwa ma wasunsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna ma uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da robobi da tsummoki. Bayan shekara 20 aka nemo yaran, waɗanda aka ziyarta abin da suke samu ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Wasa fa! Abin da mu nan in an ga uwa na yi da ɗan fari sai a ce ba ta da kunya. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce kuma da can ba ta cutarwa don akwai kaka da gwaggo da ke ɗauke yaron, amma yanzu da yarinya ke zaune ita kaɗai a gidan haya, in ta kau da kai daga ɗanta wa zai kalle shi? A Ruwanda kuma shirin Sugira Muryango ziyara 12 ce kawai, mutanen ƙauyen aka horar, aka nufi gidajen da suka fi kowa talauci waɗanda dama gwamnati na tallafa ma, an gwada da iyalai sama da 1,000, aka samu duka ya ragu, faɗan miji da mata ya ragu, maza suka ƙara shiga hidimar yara. Abin da na lura ya haɗa su shi ne darasi a rubuce na kowace ziyara da kuma mai duba aiki da ke bin masu ziyarar a kai a kai. In babu waɗannan biyu ziyara ta zama zuwa gulma, a sha fura a tashi.

Kuma don Allah kar wani ya ce muna wagga dabara ta Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu a garin nan ta tsara jajis ɗinta, dattawan mata amintattu, ta naɗa masu malfa ta ba su darasi cikin waƙa su kai ma 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a ƙauyuka, su dawo ta ji abin da suka yi. Darasi tsararre da mai duba aiki ke nan, tun kafin rasuwarta a 1864.

Saura masu cewa a raba kuɗi, kuma ba zan raina maganarsu ba don suna da hujja a maƙwabta. A Anka da Tsafe na Zamfara da wasu ƙananan hukumomi uku na Jigawa, Save the Children da Action Against Hunger sun yi wani shiri da kuɗin Birtaniya, mai ciki ta dinga karɓar naira 3,500 duk wata har yaro ya shekara biyu, haɗe da faɗakarwa kan shayarwa da abinci da tsafta ta rediyo da huɗubar Juma'a da zaman mata. Binciken da ya fito a 2021 ya nuna tsumburewar yara ta ragu da wajen kashi 8 cikin 100, kuma matan da yawa sun juya kuɗin sun sayi awaki sun kama sana'a. A Nijar kuma, yankin Dosso da Maraɗi, an ba gidaje jaka goma ta sefa, wato sefa 10,000, duk wata, wasu ƙauyuka kuɗi zalla wasu kuɗi da tarurruka da ziyarar gida. Kuɗi zalla bai sauya yadda ake renon yara ba. Inda aka haɗa da koyarwa reno ya gyaru, amma tsawo da nauyin yaran ba su motsa ba. Ke nan kowane ɗaya shi kaɗai gurgu ne. Uwar da ba ta da ko kwanon gero ba ilimi ta rasa ba, in kin je kina mata bayanin abinci mai gina jiki cin fuska ne. Amma kuɗinmu in aka raba ma gida ɗari ko sati biyu ba za su kai ba, 3,500 ɗin wancan lokaci ma yau ba ta zuwa ko'ina, kuma abin da ya yi aiki a Zamfara ba yawan kuɗin ba ne kawai, zuwansu ne duk wata ba fashi har kusan shekara biyu da rabi. Wanga aikin gwamnati ne ko babbar ƙungiya, ba namu ba.

Wani abu da duk mu mata muka kusa mantawa da shi, maza. Sai mu zauna muna ta uwa uwa, alhali wanda ke ba da izinin zuwa asibiti da kuɗin cefane da yanke shawarar tura yaro ɗan shekara biyar almajiranci wani gari ba a ɗakin yake ba. A Damagaram tun 2007 aka fara abin da suke ce ma makarantar mazaje, magidanta masu mutunci su dinga zama suna jan hankalin 'yan'uwansu kan awon ciki da haihuwa a asibiti. Na je na sami limamin masallacinmu na ce Allah shi gafarta Malam muna son ka sa muna baki, ya ce Hajiya ai wanga ba sai kun roƙa ba, hadisi ne ingantacce cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarshi ke kanshi. Jihar nan ma tana da dokar kare yara da Gwamna Tambuwal ya sa ma hannu a 2021, sai dai mun yanke ba za mu shiga gidan kowa da sunan doka ba, ranar da aka ji muna kai rahoto ranar za a rufe muna ƙofa. Za mu aje ta don abin da ya fi ƙarfinmu, kamar yaron da ake azabtarwa.

Ga inda muka tsaya ranar Asabar. Ba hol ba jaka ba biro. Mata shida, dattawa waɗanda unguwa ta yarda da bakinsu, cikinsu har da tsohuwar ungozoma da malamar Islamiyya biyu, kowace gida takwas, sau ɗaya a mako wata huɗu, da ɗan alawus don aikin sa kai zalla wata biyu yake ya mutu, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Gidajen ba mu za mu zaɓa da son rai ba, mai unguwa da ungozoma za su kawo sunaye, masu cikin fari ƙanana da zawarawa masu goyo da 'yan gudun hijira su ne gaba. Darasin za mu ɗauko daga na kyautar nan na Hukumar Lafiya mu juya shi Hausa, salon koyarwa kuma na yi-in-gani da ƙirgar haɗari. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mun ware don kuɗin mota zuwa asibiti da magani da murfin rijiya, don kar mu ce ma mace kai shi asibiti ta ce da mi. Liman zai zauna da mazajen gidajen sau ɗaya a wata bayan isha'i.

Ni ce mai duba aiki, kuma abin da zan rubuta ranar farko da ranar ƙarshe abu ne da ba ya buƙatar a tambayi kowa ko ta ƙaru: katin rigakafi ya cika ko bai cika ba, tef ɗin awon damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko rawaya ko kore, haɗari nawa na ƙirga a tsakar gida, wa ke riƙe da jinjiri lokacin da na yi sallama, 'yan shekarun makaranta suna aji ko suna talla. Na ƙara da buɗe bakin yaro a duba dasashi, don duk wanda ya taɓa shiga asibitin masu ciwon noma na garin nan, ciwon nan mai cinye fuska, ya ga fuskokin yaran can ya san ciwon da ɗan gyambon dasashi yake farawa ga yaro mai tamowa, kuma in an kama shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da shi. Sunayen da aka kawo sun fi 48 da za mu iya ɗauka, to sai na ce a yi ƙuri'a, waɗanda ba su fito ba su jira zagaye na biyu amma su ma in auna su yanzu in sake aunawa bayan wata huɗu, ta haka za mu gane ko mu ne muka yi aikin ko kaka ce ta yi da hatsi ya sauka.

Ma'ajinmu har yanzu ba ta sauko ba, ta ce Malama ke dai kin fi son wahala, wanda ya ba da kuɗin hoto zai nema a Facebook kuma ba a ɗaukar hoton murfin rijiya. Na ce a bar ni da shi, ɗan ƙawata ne, ni na yanke mashi cibiya.